Mushe, Kawo Nama!

Har gobe in ka zauna da Rufa'i Barau a tashar Maigatari zai rantse maka cewa shi bai yi kuskuren komai ba a ranar nan, mutanen Gumel ne ba su waye ba. Kuma dai a yi masa adalci. Mutum ya wanke babbar rigarsa, ya kai ta bugu, ya aro agogo, ya yi niyyar kai mace inda ba a taɓa kai wata mace ba tun daga Gagarawa har Sule Tankarkar, sannan a wayi gari shi ne abin dariya? Wannan zalunci da me ya yi kama?

Rufa'i ɗan kamasho ne, ya haura arba'in da ɗan abin da ba ya so a tambaya. Aikinsa nema wa manyan motoci kaya da fasinja masu tsallakawa Faransa, wato Nijar, kamar yadda kowa ke kiranta a lokacin. Shi kansa iyakar shigarsa Faransa ita ce rumfar duwan, wato kwastan ɗinsu, da ke bakin iyaka, inda yake shan shayi ya juyo. Amma a rumfar nan ya tsinci bonjur, da saba, da marsi, da wi, ya zuba su a aljihu kamar goro, duk wanda ya gaishe shi sai ya ɓantara masa. Shekarar da aka mai da tuƙin mota hannun dama kuwa yawo ya riƙa yi a kasuwa yana karɓar barka, wai shawararsu ce ta mutanen Faransa gwamnati ta ɗauka.

To, sai ga Laure. Bazawara ce 'yar Gagarawa, tana zaune a gidan goggonta Azumi, duk ranar Alhamis takan kawo atamfa kasuwar Maigatari. Doguwa, mai wushirya, ba ta da yawan magana, amma in ta yi ɗaya sai mutum ya kai gida kafin ya gane an yanke shi. Manemanta biyu ne suka rage, Rufa'i da Alhaji Cindo mai sayen hatsi. Laure ta ce kafin watan ya mutu za ta faɗi wanda zai turo magabata. Washegari Alhaji Cindo ya aika da keken ɗinki sabo fil. Rufa'i kuwa abin da ya mallaka mai ƙafa a duniya shi ne kujerar zamansa, ita ma ƙafa uku gare ta.

Da kasuwa ta watse Lado direba ya same shi a kan wata tsohuwar taya yana murmushi shi kaɗai. Lado taubashinsa ne, ɗan kawunsa, wanda tun suna yara ba ya ganin Rufa'i a tsaye sai ya nemi abin da zai kayar da shi.

"Bawana, murmushin me kake yi? Ko Alhaji Cindo ya gayyace ka ɗaurin aure?"

"Kai dai jahili ne, Lado. Keken ɗinki wace mace ce ba ta taɓa gani ba? Ni restora zan kai ta."

"Wane gari ne kuma Restora? Ban taɓa yin lodinsa ba."

"Ka ji irinta ba. Gidan cin abinci ne na manya, wanda Mati Kuku ya buɗe a Gumel. Mu a Faransa haka muke yi. In kana son mace sai ka zaunar da ita a kujera, a kawo abinci kashi-kashi, kana yanka nama da wuƙa kana kallon idonta. Kafin a kai ga shayi ta amsa."

"Kana kallon idonta kana yanka? To ka ƙirga yatsunka kafin ka bar gida."

Goggo Azumi ce aikin. Tsohuwa ce 'yar ƙarama mai ƙarfin murya. Kunnenta na hagu ya daɗe da ajiye aiki, na daman kuwa abin da ya ga dama yake ji. Da Rufa'i ya durƙusa a zaure ya kawo mata maganar sai ta ajiye mazarin kaɗinta.

"Otal? Ni za ka zo har gida ka ce za ka kai 'yata otal? Laure, miƙo min muciya."

"Allah ya huci zuciyarki, Goggo, ba otal ba ne, restora ne. Babu giya, babu goge, ko sigari ba a sha. Mai wurin ma jam'i ba ya wuce shi."

Daga bayan asabari Laure ta ce, "Ni dai ina so in ga wurin, Goggo. Tun da nake ban taɓa cin abincin da ban ga tukunyarsa ba."

"To ƙafata ƙafarki," in ji Goggo. "Kai kuma, in na ga abin da bai yi min ba, a nan zan ba Alhaji Cindo ita, ko da ba ya wurin."

Ranar Asabar Rufa'i ya fito ango sak. Riga ta sha bugu tana ɗaukar ido, hula ta karkace, agogon aro yana nuna lokacin da ya ga dama. Furfurar da ta yi masa kutse a gashin baki da gemu ya bi ta da kwalli da man kaɗe, ta koma baƙa wuluk kamar ta ɗan ashirin. Fijo ya yi alkawarin zuwa da ita, amma mai Fijo ya tafi Kano, don haka a babbar motar Lado suka isa Gagarawa, da awakin wani falke a baya.

Goggo ta dubi gaban motar ta ce mutum uku yake ci. Ta tura Laure tsakiya, ta hau ta ja ƙofa. Rufa'i ya tsaya da damin furanni a hannu, waɗanda ya tsinko a bakin rumfar duwan.

"Wannan ganyen maganin me ne?" in ji Goggo ta taga.

"Na Laure ne, Goggo. A Faransa..."

"Lafiyarta ƙalau. Hau baya."

Kafin su shiga Gumel wata jar akuya ta cinye furannin, ta ɗora da bakin hannun rigarsa. Ya sauko yana kaɗe jiki, ya shaida wa Laure cewa da ma manyan Faransa a baya suke zama, direba ne ke gaba.

Restoran Mati yana gefen gari, a kan hanyar Kano. Mati mutumin Damagaram ne, ya yi shekaru yana dafa wa wani kumandan Bafaranshe abinci, da kumandan ya koma ƙasarsu shi kuma ya kwaso tukwanensa ya tsallako. Ɗaki ne dogo an shafe shi da farar ƙasa, tebura sun sha fararen ƙyallaye, fanka tana juyi a sama, rediyo tana kiɗa ƙasa-ƙasa. 'Yan kwangila ne ke zuwa, da manyan ma'aikata. A ranar, teburin da ke kusa da taga wani mutum ne a zaune, mai kaki da gajeren wando, yana yanka nama a natse. Sabon duba-gari ne da aka turo daga Kano.

Mati ya tare su a ƙofa da doguwar farar hula kamar an kifa masa turmi. Ya ɗan rusuna.

"Bonjur, mushe."

"Bonjur!" in ji Rufa'i da ƙarfi don Laure ta ji. "Saba? Saba! Marsi! Wi!"

Duk jarinsa ya ƙare tun a bakin ƙofa. Amma Allah ya dube shi, ga wata kalma da ya manta an tuna masa kyauta. A bakin mutanen Faransa mushe shi ne yallaɓai, ana faɗa wa duk namijin da ake girmamawa, Rufa'i ya sha jin ana kiran shugaban duwan da ita. A Gagarawa kuwa mushe ma'anarsa ɗaya ce tal, dabbar da ta mutu ba yanka. Rufa'i bai tsaya wannan tunani ba. Ya ji daɗin kalmar a bakinsa, ya maimaita ta a hankali.

Lado, wanda ba a gayyata ba, ya riga kowa zama.

"Kai kuma fa?"

"Ni ne waliyyinka, bawana. Ka taɓa ganin an je neman aure ba waliyyi?"

Rufa'i ya haɗiye wannan. Ya zagaya da sauri don ya ja wa Laure kujera yadda ake yi a Faransa. Ya ja da ƙwarewa, yana kallon idonta. Kujerar da ya ja ita ce Goggo ta riga ta ba baya. Ji kake tim.

"La'ilaha illallahu! Ya kashe ni! Tun ba a ɗaura ba ya fara rage dangi!"

Aka taru aka ɗaga ta. Ta hau kujerar da ƙyar, ta naɗe ƙafafunta duka biyu a kai, ta kama bakin tebur ta riƙe gam kamar mai tsallaka kogi a kwalekwale. Ƙyallen goge baki da ke gabanta ta ɗauka ta ƙulle goronta, ta haɗa da na Rufa'i ta ƙulle tabarta. Rufa'i ya saci kallon duba-gari, ya ga ya soke farin ƙyalle a wuyan riga. Ya duba gabansa babu nasa. Sai ya laluba gefen ƙyallen da aka lulluɓe teburin da shi, ya ɗago, ya cusa a wuya, ya gyara zama.

Mati ya zo ya tsaya a kansu. Jin yadda baƙon ya yi gaisuwa, sai ya saki Faransanci kamar an ɓalle famfo. Rufa'i ya lumshe ido yana gyaɗa kai irin na wanda ya ci wannan ya gaji.

"Wi."

Mati ya ƙara wani.

"Wi, mushe."

"Biftek ɗin fa, senya?"

"Senya mana! Wi!"

Da Mati ya juya Laure ta ce, "Malam Rufa'i, me ka ce a kawo mana?"

"Ki bari ki gani. In an fassara daɗinsa raguwa yake yi."

Aka fara kawo wa kowa ɗan faffaɗan kwanon tangaran da ruwa mai ɗumi garai-garai, 'yan ganyayyaki kore suna yawo a sama. Rufa'i ya naɗe hannun riga.

"Kun ga tsabtar Bature? Ruwan wanke hannu ma sai an ɗumama shi an sa masa ƙamshi. Laure, dube ni ki koya."

Ya tsoma hannu biyu, ya cuɗa, ya bi tsakanin yatsu, ya ƙwaƙule farce. Yana cikin yarfewa Mati ya dawo da burodi, ya tsaya cak.

"Mushe! Romo ne fa! Tun asuba nake dafa shi!"

Wani ɗan kwangila a teburin baya ya ƙware. Rufa'i ko gezau.

"Na sani. Zafinsa nake aunawa. A Magarya haka manya ke yi."

"To ya yi daidai?" in ji Laure.

"Daidai wa daida."

"Bismilla, sha mu gani mu koya."

Ya dubi romon, wanda yanzu ya ɗan yi duhu, da gashin jar akuya guda biyu a sama. Ya dubi Laure, ta tallabe haɓa tana jira. Ya ɗaga kwanon ya shanye tas. Lado ya ce Allah ya ƙara lafiya, ya tura masa nasa ma ko zai auna.

A tsakiyar teburin akwai wata 'yar kwalba mai abu rawaya a ciki, da ɗan cokali. Goggo ta nuna ta da haɓa.

"Wannan kuma kashin wane yaro ne?"

"Haba Goggo. Zumar Turawa ce. Ni da ita nake karyawa in ina can."

Ya ciko cokalin ya kai baki. Mutar ce, yajin Faransa da ake ɗan shafa wa nama kaɗan, wanda ba a harshe yake faɗa ba, ta hanci yake hawa ya bugi ƙwaƙwalwa. Rufa'i ya ji kamar an soka masa allurar buhu daga hanci zuwa ƙeya. Idanunsa suka kawo ruwa, gumi ya keto, ya buɗe baki babu magana sai iska.

"Malam Rufa'i, kuka kake yi?"

"Faransa... na tuna," ya ce da ƙyar.

Ya ja ƙyallen wuyansa ya share fuska, ya murza gashin baki, ya goge gemu. Da ya sauke, ƙyallen ya yi baƙi kamar gindin tukunya, gashin bakin kuwa ɓangaren dama ya koma fari fat, na hagu yana nan a shekara ashirin. Kwallin ya zubo masa layi biyu har haɓa.

Lado ya dube shi da tausayi. "Kai, zumar nan da ƙarfi take. Cokali ɗaya ta tsofar da rabin mutum."

Laure ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Rufa'i ya ɗauka kunya ce irin ta mace da zuciyarta ta fara narkewa, ya ga lokaci ya yi. Ya matso, ya rage murya.

"Laure, tun ranar da na fara ganinki a layin 'yan atamfa, zuciyata..."

"Me yake cewa?" in ji Goggo.

"Wai zuciyarsa, Goggo."

"Tashi take yi? Ai dole, mutum ya sha wankin hannunsa."

Rufa'i ya ga in bai yi wani abin girma yanzu ba, tafiyar ta lalace. Ya ɗaga hannu sama, ya kaɗa yatsu, agogon aro ya zamo har gwiwar hannu, ya ɗaga murya yadda duk ɗakin zai san akwai wanda ya san duniya a ciki.

"Mushe! Kawo nama!"

Daga madafa Mati ya amsa, "Wi, mushe, nama na zuwa!"

Kunnen Goggo na dama ya ga damar ji. Ta saki bakin tebur. Lado, wanda ya fi shekara goma yana shiga Damagaram kuma ya san kalmar sarai, ya sunkuya kusa da kunnen.

"Goggo, kin ji abin da ya ce a kawo kuwa?"

"Na ji kamar ya ce..."

"Ni ma haka na ji. Amma mu jira, ƙila kunnenmu ne."

Mati ya iso da faranti, ya dire wa kowa tsoka guda mai faɗin tafin hannu, ta sha mai tana ƙamshi. Rufa'i ya ɗauki wuƙa da cokali mai yatsu, ya kafa wa Laure ido, ya yanka. Senya ɗin da ya amsa wa wi, ashe nufinta a gasa bayan nama a bar cikinsa ɗanye. Tsokar ta buɗe ja wur, jini ya gangaro ya kewaye dankalin.

Goggo ta dubi jinin. Ta dubi Rufa'i. Ta miƙe tsaye a kan kujerar.

"Jama'a! Mushe! Mushe suke ba Musulmi! Da kunnena na ji ya ce a kawo, ga jinin nan bai fita ba!"

Cokula suka faɗi. Ɗan kwangilar baya ya tofar da abin da ke bakinsa. Duba-gari, wanda ya riga ya cinye rabin nasa, ya tsaya da loma a kumatu, ya rasa ko ta gaba za ta yi ko ta baya. Goggo ta diro, ta yi waje da gudun da ba a san tana da shi ba, tana kururuwa a bakin titi. Kafin a ce haka masu shayi, da 'yan tasha, da masu faci, da mata masu dawowa daga rijiya sun cika ƙofa da tagogi.

Mati ya fito da ludayi a hannu yana bayani, amma ran mutumin ya ɓaci, in ransa ya ɓaci kuwa Faransanci ne ke fita. Duk jimlar da ya yi sai mushe ta fito a ciki, jama'a su ce, "Kun ji! Ya sake faɗa!"

Sai aka dare. Sarkin Fawa ne ya shigo, ƙato mai jan ido, da wuƙar aiki a kugu, don labari ya riga ya kai mahauta, kuma kowa ya san a wurinsa Mati ke sayen nama.

"Ni ne mai sayar da mushe? Bijimin da na yanka da hannuna da safen nan, liman yana tsaye? Wa ya fara faɗin kalmar nan? A nuna min shi."

Duba-gari ya samu ya haɗiye lomarsa, ya miƙe yana gyara bel. "Ni ma na ji an faɗa, ga kuma jini ina gani. Kuku, in ba a fito min da gaskiya ba, yanzu zan sa wa ƙofar nan kwaɗo. Ina mushen yake?"

Mati ya nuna Rufa'i da ludayi. "Ga shi nan zaune! Shi ne mushe! Yana jin Faransanci, ku tambaye shi ya gaya muku!"

Ido ya dawo kan Rufa'i. Ya dubi wuƙar Sarkin Fawa, ya ja kujerarsa baya.

"Ni? Wane Faransanci? Ni Bahaushe ne ɗan Bahaushe. Abinci kawai na zo ci."

"Af," in ji Lado. "Ashe zumar har ƙwaƙwalwa take wankewa."

Duba-gari ya aika a kawo kwaɗo. Mati ya zare doguwar hularsa ya riƙe a hannu, ya dubi teburansa. A nan Laure ta sauke mayafi daga bakinta, babu sauran dariya a fuskarta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam Rufa'i, ni 'yar kasuwar Maigatari ce, na san abin da kalmar nan take nufi, kai ma ka sani. Ba ni na faɗe ta ba, ba ni zan wanke ta ba. In aka rufe wa bawan Allah nan wurin neman abincinsa saboda bakinka, kada ka ƙara taka zaurenmu."

To, a nan fa ake so mai adalci ya tsaya ya duba. Ga wuƙa a gaba, ga Laure a gefe, ga rabin Gumel a taga. Rufa'i ya share gumi, ya ƙara baje kwallin, ya taka kujera ya hau.

"Jama'a, ku saurara! Naman nan halal ne, Sarkin Fawa ya yanka. Mushen da kuka ji ana kira ba na faranti ba ne." Ya bugi ƙirji. "Ni ne mushen!"

Daga taga wata mata ta ce, "Wayyo, ga shi kuwa har ya fara baƙi."

Dariya ta fashe kamar an fasa tulu. Masu shayi suna riƙe ciki, wani mai faci ya zauna a ƙasa, Sarkin Fawa kansa ya saki ƙotar wuƙa yana girgiza. Wani tsohon direba ya yi ta ƙoƙarin bayyana wa duba-gari cewa haka mutanen Damagaram ke cewa yallaɓai, duba-gari ya fara gyaɗa kai, ya ce a bar batun kwaɗo.

Da Rufa'i ya sauko a nan, da an rabu lafiya. Amma mutum ne da bai taɓa samun taro irin wannan yana sauraronsa ba, ga shi a kan kujera, ga Laure tana kallo. Faransancinsa ya dawo gaba ɗaya.

"Marsi, marsi! Ai abin ilmi ne. A Faransa ba kowa ake kira mushe ba sai babban mutum. Mati mushe ne. Ranka ya daɗe duba-gari, kai ma mushe ne, tun daga Kano aka turo mana kai. Sarkin Fawa kuwa, ai duk Gumel babu mushen da ya kai shi girma. Mahaifinsa ma, Allah ya jiƙansa, na ji an ce riƙaƙƙen mushe ne..."

"Uban wa?"

Rufa'i bai jira fassara ba. Ya daka tsalle daga kan kujera ya nufi ƙofa, ƙyallen tebur yana soke a wuyansa. Faranti huɗu, da kofuna, da burodi, da wuƙaƙe, da kwalbar zumar Turawa, duk suka biyo shi. Tsokar Lado ta tashi sama ta sauka a kan kakin duba-gari. Rufa'i ya ratsa taron da farin ƙyalle yana jan ƙasa a bayansa, cokula suna ƙara, Sarkin Fawa yana biye, Mati yana biye da Sarkin Fawa yana kiran tangaran ɗinsa, yaran gari suna biye da kowa suna waƙar mushe ya tashi. A ƙofa ya yi karo da Goggo tana dawowa da wani ɗan doka, suka zube su uku. Ya miƙe ya bar takalmi ɗaya, ya haye bayan motar Lado, ya kwanta a tsakiyar awaki. Jar akuyar ta matso ta fara cin ƙyallen.

Sai da Laure ta ba Sarkin Fawa haƙuri, Lado ya rantse cewa taubashinsa tun yana yaro rana ta taɓa bugunsa a ka, sannan aka bar motar ta tashi.

La'asar sakaliya suka isa Gagarawa, babu wanda ya ci komai in ban da Rufa'i da ya sha romo. Goggo ta sauka ta shige gida tana cewa a ɗora mata ruwa ta wanke bakinta, ko da yake ko burodi ba ta taɓa ba. Rufa'i ya sauko ƙafa ɗaya da takalmi, hula babu, gashin baki rabi da rabi. Ya tsaya nesa da zaure yana kallon ƙasa. Laure ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Malam Rufa'i."

"Na'am."

"Na ga maza masu kashe dukiya don mace. Wanda zai kashe kansa, ya hau kujera ya yi shela, yau na fara gani." Wushiryar ta bayyana. "Ka turo magabatanka ranar Juma'a. Amma ka gaya musu da Hausa za su zo."

Ta shige. Daga cikin gida muryar Goggo ta taso, yadda har maƙwabta sai da suka ji.

"Kin amsa masa? To in za su zo ɗaukarsa su taho da igiya! Mushe ba a ɗaukarsa da hannu, ja ake yi!"

Rufa'i ya juya ya dubi Lado, ya gyara wuyan rigar da akuya ta cinye, ya murza farin ɓangaren gashin bakinsa.

"Ka dai ji da kunnenka, kai ne shaida. Goggo da kanta ta yi maganar igiyar aure." Ya sa hannu a baki ya ɗaga murya ta saman katanga. "Duka ukun nake so, Goggo!"